Rahama Sadau da Sunan "'Yar Fim" a Bakin Mutanenmu

A cikin kalmomin da suka shigo harshen Hausa a 'yan shekarun nan, da wuya a sami wadda take ɗauke da ma'ana biyu masu karo da juna kamar "'yar fim". Idan yarinya ta ci ado ta fito, ƙawayenta sukan ce yau ta zama 'yar fim, ita kuma ta yi murmushi domin ta san yabo ne. Idan kuwa uwarta ce ta jefe ta da wannan kalma cikin fushi, to zagi ne, kuma duk wanda ke gidan ya san abin da ake nufi. Abin da nake so in yi a wannan ɗan rubutu shi ne in bi rayuwar mace guda wadda sunan nan ya hau kanta ta fuskokinsa biyu, watau Rahama Sadau, in kuma faɗi abin da na gani game da yadda mutanenmu suke ɗaukarta.

Ni mutumin Kazage ne, a gabashin ƙasar Birnin Gwari, inda gonakinmu suka yi iyaka da daji. Ba mu da gidan silima. Fim ya zo mana ne ta gidan kallo, inda mai janareto yakan kunna faifai bayan sallar isha'i yara da samari su biya su shiga, daga baya kuma ya koma cikin wayar hannu, inda ake kai wa mai turi 'yan kuɗi ya cika wa mutum memori. Wannan canji na biyu shi ne ya shigar da fim cikin gida sosai, domin matan aure da ba sa fita sun sami abin kallo a ɗakunansu ba tare da neman izinin kowa ba. A daidai wannan lokaci ne Rahama ta fito, saboda haka ba laifi in ce a garuruwa irin namu mata ne suka fara saninta kafin maza.

An haife ta a Kaduna ranar 7 ga watan Disamba na shekarar 1993, a can kuma ta tashi. Ta shiga harkar fim a shekarar 2013, kuma fim ɗin da ya fito da ita fili shi ne Gani Ga Wane, wanda ta yi tare da Ali Nuhu. Ba a yi nisa ba ta sami lambar yabo ta City People a matsayin gwarzuwar 'yar wasan Kannywood a 2014, ta sake samunta a 2015. Mai karatu ya lura da cewa masana'antar da ta shiga ba sabuwa ba ce a lokacin. Tun 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, an kuma yi mata da yawa da suka yi tashe suka wuce. Yarinyar da ba ta cika shekara ashirin da biyu ba ta ɗauki kambi sau biyu a jere a irin wannan fage, lalle akwai abin da aka gani a wurinta.

A nawa ganin, abin da aka gani shi ne fuska. Yawancin finafinanmu surutu ya yi musu yawa, har ma mutum zai iya juya baya ya saurara kamar wasan rediyo bai rasa kome ba. Ita kuwa tana cikin 'yan kaɗan da za a iya kashe sautin a fahimci abin da ke ransu, ko kishi ne, ko raini, ko tsoro. Hausarta ta 'yan Kaduna ce, mai sauri, mai gauraye da Turanci, kuma ba zan ɓoye ba wannan gaurayen yakan dame ni, musamman idan an ba ta rawar 'yar ƙauye. Amma wannan cuta ce ta masana'antar baki ɗaya, kuma marubutan labari sun fi 'yan wasa alhaki a kanta.

A watan Oktoba na 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta ba da sanarwar korar ta daga masana'antar, saboda ta fito a bidiyon wata waƙar soyayya ta mawaƙi ClassiQ, inda aka ga sun riƙe hannu sun rungumi juna. Shekarar ba ta yi wa 'yan fim daɗi ba tun da fari, domin 'yan watanni kafin haka Gwamnatin Tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Kofa ta jihar Kano bayan malamai da jama'a sun yi ca a kansa. Masana'antar tana cikin tsoro ke nan, tana neman abin da za ta nuna wa jama'a cewa ita ma tana da tarbiyya, sai ga wannan bidiyo ya faɗo. Ban ce babu ƙa'idar da aka karya ba, domin ita kanta ta fito ta nemi gafara. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutum biyu ne a cikin bidiyon, amma ba mu ji an hana namijin waƙa ba.

Na tuna yadda aka karɓi labarin a wajenmu. A majalisar dattawa an ce madalla, da ma abin ya yi yawa. A cikin gida kuwa wata goggona, wadda ba ta da abin hira da ya wuce finafinan Rahama, ta ce hukuncin ya yi daidai, sa'an nan ta aike ni wajen mai turi in nemo mata bidiyon ta gani da idonta. Da na tambaye ta ko za ta yarda 'yarta ta yi fim, sai ta dube ni ta ce, "Kai yaro, Allah ya kiyaye, bakinka ya sari ɗanyen kashi." Goggo ba munafuka ba ce, mace ce mai gaskiya da riƙon addini. Abin da ta faɗa shi ne abin da galibinmu muke yi: muna shan romon aikin 'yar wasa dare da rana, amma ba mu yarda cewa sana'a take yi ba, balle mu ba ta mutuncin da ake ba mai sana'a.

Wannan hali kuwa ya girme wa fim. Mun karanta a aji cewa 'yan matan Hausawa sun daɗe suna kwaikwayo, domin a tashen watan azumi su ne suke yin Mairama da Daudu, ɗaya ta yi shigar miji ɗaya ta yi ta mata, manya suna dariya suna ba da sadaka. Muddin abin wasan yara ne, ba mai ƙyamarsa. Matsalar takan taso ne sa'ad da mace baliga ta tsaya gaban jama'a ta mai da fasaharta abin neman abinci. Hajiya Barmani Choge, wadda ta zauna a Funtuwa nan maƙwabtanmu, ta sha irin wannan kallo: babu bikin matan manya da yake cika sai da ƙwaryarta, amma ba kowane gida ne zai so a ce 'yarsa ta bi sahunta ba. Ta rasu a 2013, shekarar da Rahama ta fara fim, kuma sai na ga kamar ɗaya ta sauke kayan ne ɗaya ta ɗauka.

Korar ba ta kashe ta ba. A wannan shekara ta 2016 ta fito a shirin talabijin na Sons of the Caliphate na tashar EbonyLife, daga baya ta shiga shirin MTV Shuga, ta kuma fito a fim ɗin Up North na 2018 wanda aka ɗauka a Bauci. Ta yi karatun digiri a Jami'ar Eastern Mediterranean da ke arewacin tsibirin Saifurus. A 2022 aka gan ta a fim ɗin Indiya mai suna Khuda Haafiz kashi na biyu, abin da ya ba ni dariya da mamaki tare, domin shekara da shekaru ana zargin 'yan fim ɗinmu da kwaikwayon Indiyawa, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi nazari mai zurfi a kai, sai ga Indiyawan sun kira tamu. An ɗage mata takunkumin a farkon 2018, amma kafin nan ta riga ta gane cewa akwai kasuwar da ba ta buƙatar izinin Kano.

Nan ne ya kamata mu ɗaliban Hausa mu tsaya mu yi lissafi. Yawancin wasannin da ta yi a Legas da Turanci ne, kuma goggona ba ta jin Turanci. Waɗanda suka yi korar suna ganin sun kare al'ada, alhali kuwa sun tura ɗaya daga cikin ƙwararrun masu wasa da harshen zuwa inda harshen ba shi da daraja sosai. Abin da ya rage mana hasarar shi ne ita da kanta ba ta saki Hausa ba. A 2017, tana cikin takunkumi, ta fitar da Rariya a ƙarƙashin kamfaninta na Sadau Pictures, labarin 'yan matan jami'a da irin ruɗin da suke faɗawa, sa'an nan a 2020 ta fitar da Mati a Zazzau. A nan ta tashi daga wadda ake kira a ba ta rawa ta koma mai zuba jari da ɗaukar ma'aikata, matsayin da mata ƙalilan ne suka taka a wannan masana'anta. Ni a wurina wannan ya fi lambobin yabon nauyi.

Ba duk abin da ta yi nake karewa ba. A watan Nuwamba na 2020 ta sa wasu hotunanta a intanet da rigar da ta bar bayanta a buɗe, wani kuma ya rubuta kalaman ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) a ƙarƙashinsu, ƙasa ta ɗauki zafi, har ta fito tana kuka ta nemi afuwa ta kuma nesanta kanta daga kalaman. Wadda miliyoyin 'yan mata suke kallo ya kamata ta san nauyin da ke kanta, kuma damuwar iyaye da malamai game da tarbiyya ba abin raini ba ce. Sai dai ɓatancin ba daga bakinta ya fito ba, kuma zagin da aka yi mata ya wuce gyara ya koma farauta.

A ƙarshen watan Satumba na 2021 gwamnatin jihar Kaduna ta sa aka katse layukan waya a yankinmu saboda 'yan bindiga, aka hana hawa babur, aka rufe kasuwannin mako. Wajen wata biyu muna zaune ba kira ba labari, noma ya gagara, tafiya ta zama kasada. Abin da ya rage a cikin wayoyin shi ne abin da aka riga aka tura, watau karatun Alƙur'ani, da wa'azi, da finafinai. Na ga mata sun taru su biyar su shida a kan waya guda suna maimaita fim ɗin da suka haddace, domin ya ɗauke musu hankali daga jiran ƙarar bindiga. Matan da ke cikin waɗannan finafinai, da Rahama da 'yan'uwanta, sun yi wa mutanenmu hidima a wannan lokaci ba tare da sun sani ba.

A sashenmu muna nazarin Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Uwar Gulma na Mohammed Sada, mun san tarihin marubutan, kuma haka ya dace. Amma wasan kwaikwayo ba ya cika sai an taka shi, kuma masu takawar, musamman mata, tarihinsu yana warwatse ne a tsofaffin mujallu irin su Fim da Tauraruwa da hirarrakin rediyo. Hauwa Ali Dodo ta rasu a 2010, Hauwa Maina a 2018, Saratu Giɗaɗo a 2024, kuma kasakasan da suka fara fitowa a ciki suna lalacewa a shagunan Kano. Ina roƙon malamanmu, idan lokacin rabon batutuwan kundin kammala digiri ya zo bana, a ware ko da biyu ko uku a kan rayuwa da salon wasan 'yan fim mata, a tura ɗalibai su yi hira da waɗanda suke raye da na'urar ɗaukar magana. Ni dai na riga na rubuta sunana a kan batun Rahama Sadau, kuma da matan Kazage zan fara hirar.