Gargaɗin da na ƙi ɓoyewa

Saura kwana huɗu a raba takardun sakamako kwamfutar ofishin makarantarmu ta mutu. A cikinta ne ƙaramar manhajar da muke lissafin makin yara take, wadda wani tsohon abokin aiki ya rubuta shekaru da dama kafin a yi masa canjin wurin aiki. Makin kansu suna nan cikin kile USB, alhamdu lillahi. Manhajar kuwa, abin da ya rage mana shi ne rubutunta na asali, wanda sai an harhaɗa shi kafin ya zama abin da za a buɗe a yi aiki.

A ekol normal an koya mini tsara darasi da riƙon aji, ba a koya mini wannan ba. Amma darakta ya dube ni ya ce, "Malam, kai ne mai taɓa Linux a cikinmu." Sai na ɗauki wata tsohuwar kwamfuta na tafi da ita gida.

Bayan sallar isha'i na buga make. Rubutu ya riƙa gudu a baƙin allo kamar ruwan Agusta, kalma ɗaya tana ta maimaituwa: deprecated. Daga nan aikin ya tsaya cak. Na goge, na sake, sau uku. Hankalina ya tashi, don ina hango iyaye tsaye a bakin ƙofa ranar Asabar.

Na aika hoton allon ta WhatsApp ga wani tsohon ɗalibina da ke karatun kwamfuta a jami'a. Ya kira ni nan take.

"Mushe, ba abin da ya lalace. Kalmar nan tana nufin abin yana aiki har yanzu, amma masu shi sun ce ya tsufa, wata rana za su cire shi."

"To ɗana, me ya sa ya tsaya?"

Ya ce in buɗe fayil ɗin Makefile in nemi -Werror. Na same shi. Ashe wannan umurni ne ke sa GCC, wato manhajar da ke harhaɗawa, ta ɗauki kowane gargaɗi a matsayin kuskure ta dakata. Na cire shi. Rubutun ya sake gudu, sai dai yanzu da launin shunayya na gargaɗi maimakon ja na kuskure, kuma a ƙarshe manhajar ta buɗe. Na zuba makin aji ɗaya, na gwada da lissafin hannu, suka yi daidai.

Daga nan ya ce akwai wani umurnin, -Wno-deprecated-declarations, da zai ɓoye gargaɗin gaba ɗaya, allo ya fito tas. Na ce a'a, bari in karanta tukuna. Na tura su cikin fayil, na zauna da su kamar mai gyaran takardun jarrabawa. Duk yawan nan, magana kaɗan ce ake ta nanatawa, kuma mafi yawa a kan wani abu mai suna GTimeVal.

Manhajarmu an gina ta ne a kan GTK 2, rumbun kayan zana tagogi da maɓallai da ya fito a 2002. A 2019 masu kula da GLib, wanda GTK ke dogaro da shi, suka ayyana GTimeVal a matsayin tsohon yayi. Dalilinsu ya ba ni mamaki. Kwamfuta tana ƙidayar daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970, kuma a injuna masu bit 32, irin tsofaffin da ake ba makarantu kyauta, ma'ajin ƙidayar zai cika ranar 19 ga Janairu 2038. Wato sun yi magana kusan shekara 19 kafin lokaci. GTK 2 ɗin ma, tun da GTK 4 ya fito a Disamba 2020 aka sanar cewa zamaninsa ya ƙare.

Muka raba gargaɗin gida biyu. Wanda ke fitowa daga cikin GTK 2 ba namu ba ne, ba mu da ikon gyara shi. Guda ɗaya kuwa daga rubutun abokin aikinmu yake: g_get_current_time, kuma gargaɗin da kansa ya faɗi abin da za a sa a madadinsa, g_get_real_time. Wannan ɗalibina ya gyara shi da ƴan layuka. Sauran na buga su a takarda, na kai wa darakta, na ce manhajar nan za ta kai mu bana da baɗi, amma a fara neman wanda zai mayar da ita kan sabon GTK tun muna da sarari.

An raba sakamako ranar Asabar. Ina cike gurbin bayanin malami sai na iso kan wata yarinya ƴar CE2: makinta sun isa ta wuce, amma har yanzu da ƙyar take haɗa baƙaƙe. A da, "ta yi ƙoƙari" nake rubutawa in wuce, don kada uba ya ɓata rai. Haka muke ɓoye gargaɗi, yaro ya yi ta hawa aji, sai a CM2 ko a BEPC abin ya fito da ja, lokacin gyara ya yi wuya.

Na rubuta gaskiya: ta wuce, amma karatunta yana buƙatar taimako yanzu. Mahaifinta ya karanta, ya ɗaure fuska, ya ce, "Malam, ta faɗi ke nan?" Na ce ba ta faɗi ba, Alhaji, shi ya sa nake faɗa maka yau. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Muka shirya ta riƙa zuwa karatun rabin awa kowace Laraba da yamma, kuma tana zuwa.