Alƙahira, Inda Ake Sa wa Haihuwa Rana

Jinyar ido ce ta kai mu Masar. Idon na yayana ne, matarsa ce mai jinya ta gaskiya, ni kuwa ɗan rakiya ne, mai riƙon jaka da takardu. Muka kama haya a Madinatu Nasr, a hawa na huɗu na wani gidan bene da na'urar hawansa ta daɗe da yin ritaya. Mai gidan dattijuwa ce, Hajja kowa ke ce mata. Wata safiya muka yi kiciɓis a matakala, ta ce, "Ya Ustaz, ka sa mu a addu'a, 'yata za ta haihu ranar Talata, ƙarfe tara na safe."

Na ɗauka Larabcina ne ya ba ni kunya, domin na zaure ne, na Ahalari da Ishmawi, irin wanda in na yi shi a kasuwa sai mai tumatir ya yi murmushi ya ce sadaƙallahul azim. Na ce ta maimaita. Ta maimaita, har da ɗaga yatsu tara. A garinmu biki ake sa wa rana, da tafiya, da zaman kotu. Haihuwa kuwa, ko tsohuwar ungozoma iyakarta ta ce wata ya tsaya, saura sai yadda Allah ya yi. Da Hajja ta ga na yi sororo, sai ta ja yatsa a ƙasan cikinta, ta ce likita ne zai ciro jaririn.

Nan take fuskata ta sauya ba da izinina ba. Na shiga jero "Allah ya sawwaƙe, Allah ya raba lafiya" da muryar mai jaje, ita kuwa tana kallona tana neman inda matsalar take. 'Yar lafiyarta ƙalau, jaririn ma haka, kansa a ƙasa yadda ake so. Talata dai ita ce ta yi wa likita daidai, ta kuma yi wa mijin daidai, don a makon ne zai zo hutu daga Kuwait.

Duk wanda aka taɓa tasa cikin dare aka ce masa "an shiga da ita tiyata" ya san abin da ya sauya mini fuska. A wurinmu wannan magana a ƙarshen dogon labari take zuwa. An kwana an wuni ana naƙuda a ɗaki, an sha rubutu, an nemo mota, asibitin farko ya ce a wuce gaba, an bi dangi ana neman jini, maigida ya sa hannu a takarda hannunsa na rawa. Kafin wuƙa ta iso, uwa ta galabaita, wani lokacin ɗan ya riga ya koma. Shi ya sa muke haɗa tiyata da mutuwa, alhali sau da yawa jinkirin ne ya yi kisan.

Sai tambaya ta kama ni: shin 'yar Hajja ce kaɗai haka? Amma namiji baƙo ba ya tare matan mutane yana tambayarsu yadda suka haihu, don haka matar yayana ta karɓi aikin. Larabcinta bai wuce na salla ba, amma da hannu da ido da dariya ta zagaye gidan nan tas. Ta dawo ta ce, "Malam, yaran gidan nan in ka cire na matar mai gadi, kusan duk ta ciki aka fito da su."

Alƙaluman hukuma ba su ƙaryata ta ba. Binciken lafiyar iyali da hukumar ƙididdiga ta Masar ta yi a 2021 ya nuna kashi 72 cikin ɗari na haihuwa a ƙasar ta tiyata ake yi. A 2014 kashi 52 ne, a 2008 kashi 28, a 2000 kuwa wajen kashi 10. A Najeriya, binciken 2018 ya nuna bai cika kashi 3 ba. Tun 1985, a wani taro a Fortaleza ta ƙasar Brazil, masanan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara suka ce babu dalilin da zai sa wani yanki ya wuce kashi 10 zuwa 15. A 2015 hukumar ta ƙara bayani: in adadin yana hawa zuwa kashi 10, mutuwar uwaye da jarirai tana raguwa, daga nan kuma ba a ga shaidar ƙarin raguwa ba. Mu ba mu kamo ƙafar wannan adadi ba, su kuwa sun ninka shi sau bakwai.

Mai kemis ɗin ƙasan bene, wanda duk unguwa ke kira Doktor, shi ya warware mini dalilan yana ɗaure wa yayana maganin ɗigawa. Yawancin mata a asibitocin kuɗi suke haihuwa, kowace da likitanta. Naƙudar fari tana iya cin awa goma sha biyu ko fiye, tiyata kuwa ba ta cika awa guda ba, kuma kuɗinta ya fi. Likita yana tsoron ƙara, kuma da wuya a kai shi kotu don ya yi gaggawar yin aiki. Ungozomomin asibiti masu horo, waɗanda aikinsu shi ne zaman jiran naƙuda, ba su da yawa. Su kuma 'yan mata sun ji labarin ɗakin haihuwar gwamnati daga bakin yayyensu, cunkoso da tsawa ba maganin rage zafi, sun ce a kai kasuwa. Wadda aka yi wa sau ɗaya kuwa, na biyu ba a ma tattaunawa.

Na so in yi musu dariya, sai na tuna namu lissafin. Masar ta rage mutuwar mata wajen haihuwa daga 174 cikin kowace haihuwa dubu ɗari a farkon shekarun 1990 zuwa 84 a 2000. Binciken Najeriya na 2018 ya ba da 512. Amma abin lura shi ne, lokacin da suka rage mutuwar nan da rabi, tiyatarsu wajen kashi 10 ce kawai. Abin da ya cece su shi ne asibiti a kusa da jini a ajiye da ma'aikaci a bakin aiki. Yawan yankan daga baya ya zo.

Ranar Talata aka yi aiki, aka sami ɗa namiji. Washegari aka sallame su, kuma a nan ne na ga abin da ba a sa wa rana. Ina saukowa na tarar da su a matakala: mai jego a duƙe, hannu ɗaya a ƙasan ciki, ɗaya a kafaɗar mijinta, tana ɗaga ƙafa ɗaya ta huta, gumi na zuba. Na manne da bango na sunkuyar da kai. Hawa huɗun nan da nake gunaguni a kansu kullum saboda gwiwa, ita da ciki a ɗinke ta hau su.

Da na ba matar yayana labari, sai ta yi shiru, sannan ta ce, "Ai ni ma haka na shiga gida da Auta." Na san an yi mata aiki a haihuwar Auta, har na tuna ragon sunan, fari ne mai baƙin kai. Abin da ya same ta ita kuwa, sai a Alƙahira na ji. Ta ce allura ake yi a gadon baya, rabin jiki ya mutu, kana ji ana jan cikinka ana turawa amma ba zafi. Zafin sai dare, in allura ta sake. Ga robar fitsari, ga ƙarin ruwa a hannu, ga jariri yana kuka a gefe ba halin juyawa a ɗauke shi. Da safe ma'aikaciyar jinya ta ce sai ta tashi ta taka, don kada jini ya daskare a jijiyar ƙafa, kuma a rayuwarta ba ta taɓa tafiya mai nisan daga gado zuwa ƙofar ɗakin nan ba. Ta ce babbar mace da 'ya'yanta sai ta koma ana yi mata murna don ta yi tusa, domin alamar hanji ya farka ke nan. Tari sai an danna matashi a ciki, atishawa abin tsoro, dariya ma haka. Mako shida aka ce kada ta ɗauki abin da ya fi jaririn nauyi, a gidan da ruwa sai an jawo daga rijiya. Fatar wurin kuwa ta yi watanni ba ta ji in an taɓa.

"Duk wannan bai ƙona mini rai ba," in ji ta, "kamar wata da ta zo barka ta ce, ai ke kin huta, ba ki sha wuyar naƙuda ba." Ashe 'yar Hajja ma ta ji irin tata daga wata gwaggon mijinta, wadda ta haifi bakwai a ɗaki a wani ƙauye na yankin Sa'id, ta ce 'yan matan yanzu sauƙi suke so.

Jego a nan ma kwana arba'in ne, amma ban ga tukunyar ruwan zafi ba, ban ga ganyen darbejiya ko runhu ba. Da matar yayana ta kwatanta wa Hajja wankan jego, yadda ake tsoma ganye a tafasasshen ruwa ana fyaɗa wa jiki safe da yamma, sai Hajja ta dafe ƙirji ta tambaya ko laifi matar ta yi. Ni da na tashi ina ganin hayaƙin nan a bayan ɗaki ban taɓa tambayar kaina ba. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka alaƙanta yawan kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Wadda aka yi wa aiki kuwa tsaka mai wuya take shiga: likita ya ce a bar ɗinki ya bushe, tsofaffi sun ce jikinta ɗanye ne, sanyi zai shige ta.

Su nasu abin sha mugat ne, garin saiwar wani tsiro da ake soyawa da man shanu, a zuba sukari da riɗi da kwakwa, a dama da kauri. Ana ba mai jego, ana ba duk wanda ya zo barka. Na sha na ƙara, ina yabawa, kafin yayana ya raɗa mini cewa don ruwan nono ake yin sa. Akwai kuma romon kaza, da hulba, wadda ita dai mun san ta.

Ranar bakwai suka yi abin da suke kira subu'. An sayo kayan biki daga Darbul Barabira: kyandir, alewa, da buta mai ado tunda namiji ne, da mace ce da tulu za a saya. Aka kwantar da jariri a cikin rariya, wata tsohuwa tana buga ƙaramin turmin tagulla kusa da shi tana ba shi umarni ya ji maganar uwarsa, ana watsa gishiri, yara na zagayawa. Sannan uwa ta tsallake shi sau bakwai. Matar yayana ta ce mata biyu ne suka riƙe ta, tana murmushi tana cije leɓe. Kafin in ce uffan sai ta tuna mini ranar suna a gida, inda mai jego ke sauya kaya tana tashi tana zama tana gaisa da gari guda. Ta ce ita ranar sunan Auta da zazzaɓi ta kwana.

A hankali na gane tsoron matanmu ba jahilci zalla ba ne. Matar Masar a yau 'ya'ya uku ne a matsakaici, ko ƙasa da haka. A arewa maso yammacin Najeriya, a binciken 2018, sun haura shida. Kowane yanka yana barin tabo a mahaifa, kuma yawan tabon yana ƙara haɗarin fashewarta, ko mabiyiya ta manne ta ƙi fita, matsalar da manyan asibitocin koyarwa irin su Ƙasrul Aini ke fama da ita yanzu. Macen da ke zaune da kishiya, wadda ta ji ana cewa mai tiyata haihuwarta ƙidayayya ce, tana da abin da take lissafawa. Sai dai kuɗin jinkirin ma a bayyane yake, duk wanda ya leƙa asibitin Babbar Ruga a Katsina ya ga masu yoyon fitsari ya gan shi. Nijar ta ayyana tiyatar haihuwa kyauta tun 2005, a Najeriya kuma ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da irin wannan ga mata marasa ƙarfi a Nuwamban 2024. Amma kyautar sai an isa asibiti, kuma a yankinmu, a binciken 2018, waɗanda ke haihuwa a asibiti ba su kai biyu cikin goma ba.

Kafin mu taso, wani ɗalibin Azhar ɗan garinmu ya gayyace mu tuwo a Hayyul Ashir, unguwar da 'yan Afirka suka yi yawa. Matarsa tana da tsohon ciki. Ɗanta na fari can gida Najeriya aka ciro shi, bayan doguwar naƙuda. Daga bayan labule ta ce wa matar yayana, "Anti, a gida sai da na yi kuka ina roƙo kafin a yi mini aiki. A nan kuma yawo nake ina roƙon a bar ni in gwada da kaina." Ta sami wata likita da ta zauna ta duba takardunta, ta ce tunda yankan farko a kwance yake a ƙasan mahaifa, kuma an sami tazara, za a iya gwadawa, domin wajen uku cikin huɗu na irinta suna haihuwa da kansu. Sharaɗi shi ne a asibiti za a yi, ɗakin tiyata a shirye, jini a ajiye, kuma in aka ce a shiga ba gardama.

Ta aika wa mahaifiyarta ta zo zaman jego, da saƙon ta taho da daddawa da kuka da yaji, ta bar kanwa a gida. Mijin kuwa, wanda ke shekarar ƙarshe a Kulliyar Shari'a, an riga an karanta masa nasa babin: ko ta wace hanya aka haihu, wata biyu shi ne mai wanki, shi ne mai cefane, shi ne mai ɗaukar babban yaron a matakala. Yayana ya tambaye shi ko ya amince. Ya ce ya duba littattafai, bai ga inda aka hana ba.