Tomcat a Gidan Haya

Litinin

An ɗora mini aikin sa Apache Tomcat ya zauna cikin Apache Felix a matsayin ƙunshi ɗaya cikin ƙunsoshi da yawa. Manhajarmu tana da sashen biyan kuɗi da na rahoto da na aika saƙo, kuma ana so a riƙa sauya ɗaya ba tare da an kashe sauran ba. Abin da OSGi, tsarin da Felix ke bi, ya yi alkawari ke nan tun da aka kafa ƙawancensa a 1999, lokacin da hankalinsu yana kan ƙananan na'urorin cikin gida. Eclipse ya rungume shi a sigarsa ta 3.0 a 2004, daga nan masu sabar suka shigo. SpringSource ta fitar da dm Server a 2008, wanda ya koma Virgo a hannun Eclipse, GlassFish v3 kuma ya fito a 2009 yana tsaye a kan Felix. Wasu sun bi hanyar kafin ni, amma kowa da ƙayar da ya taka.

Ƙa'idar ba wuya. Kowane ƙunshi fayil ɗin jar ne, sai dai a cikin MANIFEST.MF yana faɗin fakitin da yake buƙata a Import-Package, da wanda zai bayar a Export-Package. Kowanne da nasa mai lodin aji. Abin da bai nema ba, ba zai gan shi ba ko da yana nan kusa da shi.

Talata

Na naɗe Tomcat 9 da bnd, kayan aikin da Peter Kriens ya rubuta. Shi bnd yana karanta kod ɗin da aka riga aka harhaɗa, ya lissafo duk fakitin da aka ambata. Jerin da ya fito ya fi tsammanina tsawo. Akwai irin su javax.mail, wanda Tomcat ba ya taɓawa sai an nemi ya shirya aika imel. Muddin babu mai bayar da fakitin, Felix zai bar ƙunshin a INSTALLED, ba zai matsa zuwa RESOLVED ba. Irin waɗannan na sa musu resolution:=optional ɗaya bayan ɗaya, ina buga lb a Gogo, wurin ba Felix umarni, ina duba ko ya motsa.

Da yamma sai ƙorafin uses ya taso. Ƙunsoshi biyu ne ke bayar da javax.servlet, kuma a wurin Java, aji ɗaya da masu lodi biyu suka ɗauko azuzuwa biyu ne daban, ko da sunansu da cikinsu iri ɗaya ne. Na cire ɗaya, na bar Servlet 4.0 yana fitowa daga wuri guda.

Laraba

Ƙunshin ya hau ACTIVE, amma da shafin farko ya zo tashi sai komai ya zube da saƙon "factory already defined". Java tana yarda a kira URL.setURLStreamHandlerFactory sau ɗaya tak a rayuwar JVM. Felix ya riga ya kira don kansa, Tomcat ya zo daga baya yana son nasa. Maganin layi ɗaya ne, a kira TomcatURLStreamHandlerFactory.disable() kafin a tayar da komai.

Layin gajere ne, amma shi ya nuna mini inda aikin yake. Tomcat ya saba zama mai gida. Shi ke buɗe ƙofa da safe, shi ke kashe fitila da dare, duk abin da ke tsakar gida nasa ne. Yanzu an ba shi ɗaki guda a gidan haya, ga maƙwabta ta ko'ina. Na bi sawun wannan hali na same shi a wurare da dama. Yana rubuta catalina.base da catalina.home a saitin JVM da kowa ke gani. Idan aka kunna JNDI, nan ma saitin gaba ɗaya yake taɓawa. JULI, sashensa na rubuta tarihin aiki, yana son a naɗa shi tun daga tashin JVM. A tsarinsa na yau da kullum har tasha ta 8005 yake buɗewa yana jiran umarnin mutuwa. Duk wannan daidai ne ga wanda yake shi kaɗai.

Alhamis

Yau ranar ClassNotFoundException ce. Tomcat yana karanta sunayen azuzuwa daga server.xml a matsayin rubutu, sannan ya nemo su da sunan. Shi kuwa bnd ba ya leƙa cikin wannan fayil, don haka Valve ɗinmu na tantance masu shiga, da ke wani ƙunshin, bai shiga lissafi ba.

Abokin aikina ya leƙo ya ce, "Malam, ka sa DynamicImport-Package da tauraro mana, mu wuce wurin."

Na ce, "Idan na sa, zai yi aiki yau ɗin nan. Amma ka ga ke nan kowa na ganin kowa, mun dawo inda muka baro, sai dai da ƙarin wahala."

Ya ce, "To ai oga sakamako yake jira."

Gaskiyarsa, amma na bi doguwar hanya. Na ajiye server.xml gefe, na gina sabar ɗin da kod ta ajin Tomcat na sakawa cikin wata manhaja. Valve ɗin kuma ya yi rajistar kansa a matsayin hidima, ƙunshin Tomcat ya karɓe shi ta Declarative Services. Ba a neman kowa da suna yanzu, miƙo shi ake yi a shirye. Saura ServiceLoader, mai duba META-INF/services ta mai lodin zaren da ke aiki. A nan Apache Aries SPI Fly ya fitar da ni.

Jumma'a

Rabin yini na yi. Jasper, mai juya shafukan JSP su zama kod, yana son ganin jar a faifai, Felix kuwa adireshi mai farawa da bundle:// yake ba shi. Maimakon in koya masa sabon yare, na sa JspC ya harhaɗa shafukan tun wajen gini. An rage nauyi, an rage abin da zai lalace.

Asabar

Gwajin da aka yi duk aikin dominsa: tsayar da ƙunshin, sabunta shi, a sake tayarwa, JVM na nan a raye. Da farko tashar 8080 ta ƙi sakuwa. Ashe Tomcat yana kama tashar ne tun a init, kuma ba ya sakinta a stop, sai an kira destroy. Wanda ke kashe JVM duka ba zai taɓa lura da wannan ba.

Da na maimaita sabuntawa ina kallon Metaspace, sai na ga yana hawa ba ya sauka. Tsohon mai lodin aji bai tafi ba, akwai mai riƙe da shi. Na ɗauki hoton ma'adanar JVM na bi igiyar, ta kai ni ga direban JDBC da ya yi rajista a DriverManager, da wani ThreadLocal da aka bari a zaren da bai mutu ba. Sabar da aka rubuta don ta tashi sau ɗaya ba a cika koya mata tattara kayanta ba.

Lahadi

Na rubuta wa oga bayani. Abin yana aiki, ana sauya sashen rahoto biyan kuɗi na tafiya. Amma na faɗa masa kuɗin da za a biya: duk sabuwar sigar Tomcat sai an sake bin waɗannan wurare, ranar da za mu koma Tomcat 10 kuwa javax.servlet zai zama jakarta.servlet, kowane ƙunshi sai an taɓa shi. Tsarin sassa da Java 9 ta kawo a 2017 ba zai maye gurbin wannan ba, don ba a gina shi domin cire sashe ana tsakiyar aiki ba. Na kuma ba da shawara a gwada Pax Web, wanda masu Karaf ke amfani da shi, kafin mu ɗauki dawainiyar riƙe namu.

A ƙarshen takardar na sa abin da zan fara yi idan an kawo mini wata sabar: kafin in taɓa bnd, zan bincika kod ɗinta in ƙirga wuraren da static da System.setProperty da Class.forName da System.exit suka fito. Yawansu ne zai faɗa mini ko in karɓi aikin, da kuma lokacin da zan nema.