Kama da Wane Ba ta Wane: Labarin Ƙusar Birki

Yau kan wani ɗan abu za mu yi magana wanda tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, kuɗinsa kuma bai wuce dala ashirin ba, amma saura ƙiris ya mayar da matanmu zawarawa.

Mu biyu ne, malaman firamare, mazauna Garwa, aka tura mu wata makarantar ƙauye can gaba da Pitowa. Da muka ga kuɗin mota zai cinye albashi, sai muka haɗa kuɗi muka sayi babur ɗaya ɗan Sin, yau wannan ya tuƙa, gobe wancan. Wata ranar Asabar muka kai shi gareji a sake masa tayar baya. Wajen kwancewa sai ƙusar da ke riƙe da sandar farantin birki, wadda makanikanmu ke kira bulon, ta lalace. Aka aiki yaro shago. Ya dawo ya ce mai shago ya ce lambar wannan ƙusa ta canza, sabuwar kuma ba ta iso ba tukuna. Makanike ya zazzage gwangwaninsa na tsofaffin ƙusoshi, ya ɗauko wata, ya zura, ya ɗaure. Ya dube mu ya ce, "Malam, ai ga shi ta shiga." Muka ce madalla, muka biya, muka tafi.

Kwana tara ta yi. A rana ta goma muna dawowa da la'asar, awaki suka keto hanya, na gaba ya taka birki. Ashe girgizar hanya ta daɗe tana kwance notin, ƙusar ta faɗi ba mu sani ba. Farantin birki ya juya tare da taya, ya naɗe sandar birkin, taya ta cije, sai ga mu a ƙasa. Allah ya taƙaita, ba mota a bayanmu. Ɗayanmu ya yi wata guda yana rubutu a allo da hannun hagu, yara suna ta ƙunshe dariya.

Da muka samu sauƙi sai muka kai babur wurin wani dattijon makanike wanda ya yi wa iyayenmu gyara. Ya saurare mu, ya buɗe akwatinsa ya ɗauko irin ƙusar ta asali ya ɗora mana a tafin hannu. Ya ce, "Malamai, ku duba. Wuyanta sumul ne, ba zare, don nan ne ƙarfe ke gogawa. Ga kuma huda a gindinta, inda ake soka fil a lanƙwasa don kada noti ya fita ko da ya kwance. Wadda aka sa muku tana da huda?" Muka yi shiru. Ya ce, "Ku ne fa kuke koya wa 'ya'yanmu awo." Muka ce, "Gaskiya ne, Baba." Kunya ta kama mu, domin a makon da muka faɗi ma milimita muke koya wa 'yan aji shida.

Tun daga ranar muka shiga tambaya da karatu, ga kuma abin da muka samo.

Da farko, canza lamba ba zamba ba ce. Kamfanin Honda, alal misali, yana rubuta lambar yawancin kayansa kashi uku. Kashin farko yana faɗin wane irin abu ne, na tsakiya yana nuna samfurin babur ɗin da aka fara ƙera abin dominsa, na ƙarshe kuwa shi ke sauyawa idan an yi wa abin gyara ko an sake mai ƙera shi. Saboda haka abu ɗaya yana iya sake lamba sau biyu ko uku, sabon kuma ya zauna daidai a gurbin tsohon. Amma wani lokaci canjin na gaske ne. Wajen 1967 masu ƙera babura na Japan suka koma bin ma'aunin zare na duniya, sai tazarar zaren ƙananan sukurori ta sake: mai kaurin milimita 5 ya tashi daga 0.9 ya koma 0.8. A ido duk ɗaya ne, amma in ka tilasta sabo a ramin tsoho, ka ɓata ramin. To, in mai shago ya ce lamba ta canza, tambayar da ta kamata ita ce: me ya canza, sunan ko abin?

Na biyu, lambar da ba ta canza ba ma ba shaida ba ce. A nan sai mun waiwayi baya kaɗan. Muna yara, baburan Garwa 'yan Japan ne, Yamaha da Suzuki da Honda. A 1993 gwamnati ta rage albashin ma'aikata har sau biyu, a watan Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Kayan waje suka yi tsada, iyayenmu suka koyi lallaɓa abu da abin da ya samu, gwangwanin tsofaffin ƙusoshi ya zama jarin kowane gareji. Daga shekarun 2000 baburan Sin suka cika gari, da yawansu an kwaikwayi injin Honda CG125 ne, daga baya na Indiya irin su Bajaj da TVS suka biyo. Kayan gyaransu wasu ta Duwala da Gaundare suke zuwa, wasu daga kasuwannin Najeriya irin su Nnewi da Legas, su biyo ta Yola ko Mubi. Da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, mun ga yadda samun wasu kayan ya yi wuya. A irin wannan doguwar tafiya, masana'antu barkatai ne ke buga lamba iri ɗaya a kan leda, alhali ƙarfen da ke ciki ba ɗaya ba ne. Leda ba ta riƙe taya.

Na uku, ita ƙusa tana faɗin halinta ga wanda ya iya karanta ta. Abu huɗu ake dubawa: kauri, tsawo, tazarar zare, da ƙarfi. Ƙusa mai kaurin milimita 10 ta baburan Japan da masu kwaikwayonsu galibi tazarar zarenta 1.25 ce, irin wadda ake sayarwa a shagon kayan gini kuwa 1.5. Za ta shiga zagaye ɗaya ko biyu sannan ta cije. In yaron gareji ya sa ƙarfi, sai ta cinye zaren ramin, musamman a jikin injin, wanda na alminiyam ne mai taushi. Sifana ma tana tona asiri. Ƙusa mai kaurin milimita 8 ta Japan sifana 12 ke kama kanta, ta tsarin Turai kuwa 13. Girman kai kaɗai ba laifi ba ne, amma in ka ga an ɗauko 13 a babur ɗin da aka saba kwance shi da 10 da 12 da 14, ka san baƙuwa ce ta shigo, sai ka tambayi daga ina.

Sai ƙarfi. A kan ƙusoshi da yawa akwai lamba, kamar 4.6, ko 8.8, ko 10.9. Ƙusa mai kaurin milimita 8 da aka rubuta wa 8.8 tana jure jan nauyin kusan tan uku kafin ta tsinke. 'Yar uwarta mai 4.6, wadda ba ta da maraba da ita a ido, a wajen tan ɗaya da rabi take gazawa. Wannan lissafi ne da ɗan aji shida zai gane, amma mu malamansa ba mu taɓa sunkuyawa mun duba ba.

Kada a ce muna zargin makanikai. Makaniken namu bai yi nufin cutar mu ba. Mu ne muka ce muna sauri, mu ne kuma kullum muke neman ragi. Ba kuma muna cewa kada a taɓa musanya ƙusa ba. Wanda babur ɗinsa ya tsaya tsakanin Garwa da Lagdo da rana tsaka, ai da babu gara ba daɗi. A murfin gefe, ko marfin sarƙa, ko allon lamba, kusan duk ƙusar da ta zauna daidai ta wadatar. Amma akwai wuraren da rai ke rataye: birki, da sandar da ta ratsa tsakiyar taya, da kan babur, da haƙoran sarƙa na baya. A nan kama da wane ba ta wane. In dole ta sa an yi maneji a hanya, to a yi tafiyar hawainiya, a sake ta kafin gari ya waye.

Ga abin da muke yi yanzu, ko zai amfani wani. Ba ma aiken yaro da lamba kaɗai, sai mu ba shi tsohuwar ƙusar ya tafi da ita a gwada. Muna haɗa sabuwa da tsohuwa ciki da ciki mu ɗaga su ga haske. In zarensu ya shiga juna ba rata, tazararsu ɗaya ce. Muna roƙon makanike ya fara ɗaurawa da hannu kafin ya ɗauki sifana, domin ƙusar da ta ƙi hannu ba ta wurin ba ce. Inda akwai huda muna tsayawa sai mun ga an soka sabon fil, ba guntuwar waya ba. Mun kuma ajiye ɗan littafi a gida, muna rubuta tsohuwar lamba da sabuwa da sunan abin.

Ga 'yan uwanmu Hausawa masu shagunan kayan babur a Garwa da Marwa da Gaundare muna da roƙo ɗaya. In abu bai zo ba, ku ce bai zo ba, in kuma madadi ne, ku faɗi inda ya bambanta. Mai saye zai tafi yau ba ciniki, amma zai dawo gobe da ƙafafunsa. Matasanmu masu kabu-kabu kuma, ku tuna ba ranku kaɗai kuka ɗauko ba.

Ƙusar da Baba ya ɗora mana a hannu mun saye ta. Tana cikin aljihun teburin aji shida, kuma duk shekara in an zo darasin milimita da ita muke farawa. Allah ya tsare mu a hanya, ya kai kowa gida lafiya.