Ita Ma Murya Da Tiya Ake Auna Ta

Duk wanda ya tashi a Damargu ya san ba a cinikin hatsi sai an fara daidaitawa a kan ma'auni. Kafin a kai ga maganar kuɗi, mai saye zai ɗauki tiyar ya jujjuya, ya duba ko an bubbuga gindinta ya shige ciki, sannan a yanke ko tula ta za a yi ko shafe bakinta. Kuɗin ma da nasu ma'aunin. Baƙo daga Kano in ya shigo kasuwar Tanut aka ce masa "ɗari biyu", sai ya fara lalubar sefa 200, alhali mai kaya jika guda yake nufi, wato sefa 1,000, domin mu da dala muke lissafi. Lambar ɗaya ce, amma abin da ta ƙunsa ya danganta da wanda ke karanta ta.

Shekarun da na yi ina ɗaukar sauti da tace shi sun nuna mini cewa kwamfuta da wayar salula haka suke da murya. Kwamfuta ba ta ji, ƙidaya take yi. Idan mutum ya yi magana, makirfo yana mai da kaɗawar iska ta koma lantarki mai hawa da sauka, sai wani ɗan guntu a cikin na'urar ya dinga ɗibar wannan lantarki yana aunawa, yana rubuta sakamakon da lamba. Abin da muke kira fayil ɗin murya jerin waɗannan lambobi ne kurum, miliyoyinsu, ɗaya bayan ɗaya. Kafin su sake zama murya, dole mai karanta su ya san abu uku: sau nawa aka ɗiba a sakan guda, faɗin kowace ɗiba nawa ne, kuma layin sauti ɗaya ne ko biyu, na kunnen hagu da na dama.

Mai wannan aiki wata ƙaramar manhaja ce da masu gyaran kwamfuta ke kira direba. Tana zaune tsakanin babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura da guntun da ke fitar da sauti, kamar dillali tsakanin mai hatsi da mai raƙuma. Manhajar kunna waƙa za ta ce masa: ga lambobi, an ɗebe su sau kaza a sakan, faɗinsu kaza. Shi kuma zai duba ko guntun da ke ƙarƙashinsa ya san wannan ma'auni. In ya sani, shi ke nan. In bai sani ba, ko dai a sake auna sautin da ma'aunin da guntun ya sani, ko direban ya ce ba zai karɓa ba. A Linux, tsarin da ke riƙe da direbobin sauti ana kiransa ALSA, wani ɗan ƙasar Cek mai suna Jaroslav Kysela ya fara shi a 1998. Tunda Android a kan Linux aka gina ta, galibin wayoyin Tecno da Infinix da ke aljihun matasanmu wannan tsari ne ke can ƙasa yana yi musu dillanci.

Ma'aunan kuwa suna da yawa, kowanne da asalinsa. Faifan CD da Sony da Philips suka fitar a 1982 yana ɗiba sau 44,100 a sakan. Masu fim da talabijin sun zauna a kan 48,000, kuma yawancin guntayen sauti na wayoyi da kwamfutocin yau da shi suka fi sabawa. Layin tarho shi ne mai ƙaramar tiya, tun ƙa'idar G.711 ta 1972 sau 8,000 kacal yake ɗiba. Akwai dokar lissafi da ba a tsallake ta: na'ura ba ta iya kama sautin da kaɗawarsa ta wuce rabin yawan ɗibarta. Ke nan mai ɗiba 8,000 ba ya kama abin da ya haura kaɗawa 4,000 a sakan, alhali kunnen yaro mai lafiya yana kaiwa wajen 20,000. Baƙaƙe irin su "s" da "ts" da "sh" kuwa, kaso mai yawa na ƙarfinsu a can sama yake zaune. Shi ya sa a kiran waya na gama-gari "sara" da "tsara" da "shara" suke kusantar juna, har sai ragowar maganar ta raba maka su.

Faɗin ɗiba shi ma haka. Mai bit 8 matakai 256 gare shi tsakanin ƙasa da sama, mai bit 16 yana da 65,536, mai bit 24 ya haura miliyan 16. Nan ne rikicin dala da sefa yake fitowa sarai. A fayil ɗin WAV mai bit 8, lamba 128 ce shiru. A mai bit 16, sifiri ne shiru. Direban da ya karanta ɗaya da idon ɗaya zai mai da sallamar dattijo ta koma ƙarar injin niƙa. Lambar bit 16 kuma gida biyu take ci a ƙwaƙwalwar na'ura, kuma ba a taru a kan gidan da za a fara karantawa ba. WAV, wanda Microsoft da IBM suka fitar a 1991, da ƙaramin gida yake farawa. AIFF na kamfanin Apple da babba yake farawa. Kamar a rubuta 12 ne wani ya karanto 21. Saboda haka ne ALSA ke ba kowane ma'auni suna mai faɗin komai, irin S16_LE: bit 16, shirunsa sifiri, ƙaramin gida a gaba.

Irin wannan kuskure mai ƙara ba ya ba ni tsoro, domin kowa zai ji shi ya tashi neman gyara. Wanda ke damuna shi ne mai sanɗa. A gidanmu akwai kaset guda da kawuna ya aiko daga Libiya lokacin da yake ci-rani. A wancan zamani wanda bai iya rubutu ba kaset yake cikawa da gaisuwa da saƙo, ya ba direban mota ya kawo ta Agadas. Kawu ya rasu tuntuni, kuma wannan kaset ce kaɗai ta riƙe muryarsa. Wani ƙanena ya kai ta wurin masu tura waƙoƙi a waya, aka juye ta a katin memori, ya kawo gida da murna. Aka kunna wa Inna. Ta saurara har ya gama gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Maganar tasa ce, amma wannan ba muryar ɗan'uwana ba ce."

Yaran gida suka ɗauka tsufa ne ya taɓa mata kunne. Da fayil ɗin ya zo hannuna sai na duba tsawonsa. Gefen kaset ɗin da na san yana cin minti 45 ya ƙare a minti 41 da 'yan sakanni. Rakodar da aka juya da ita lafiyarta ƙalau, gudunta daidai. Abin da ya faru shi ne an ɗebi sautin sau 44,100 a sakan, amma aka rubuta a goshin fayil ɗin cewa 48,000 ne. Direban wayar ya yi abin da aka ce masa, ya dinga zuba lambobin da saurin da ya ɗara na gaskiya da kusan kashi 9 cikin ɗari. Muryar ta ɗan haura sama, maganar ta ɗan ƙara sauri, nauyin nan na muryar kawu ya tafi. Wanda bai san shi ba ba zai taɓa lura ba. Gyaran bai ci minti biyar ba, lambar goshin kawai aka sauya. Da aka sake kunnawa Inna ba ta ce komai ba, ta dai ja mayafi ta rufe fuska.

Tun daga nan nake ganin girman direban da ke cewa a'a. Masu amfani da kwamfuta suna jin haushi in ta ce ba ta san irin wannan sauti ba, sun fi son wadda za ta kunna ko ta halin ƙaƙa. Ni kuwa ina tare da masu cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ko sake aunawar da ake yi bisa ƙa'ida aiki ne mai wuya. Don a mai da 44,100 ya koma 48,000, kowace ɗiba 147 sai an fitar da 160 daga cikinta, kuma sababbin lambobin da lissafi ake ƙiyasta su. Manhaja mai kyau tana yin haka ba tare da kunne ya ji bambanci ba. Ta banza kuwa sai ta bar wani ƙaiƙayi a saman murya, kamar an zuba yashi a faranti.

Sai kuma matsewa, wadda ita ce ta fi cin muryoyinmu a yau. Sauti irin na CD yana cin megabait 10 da ɗoriya a minti guda, abin da ba mai iya turawa daga Tarka ko Gangara da intanet ɗin da muke da shi. Don haka aka ƙirƙiro MP3 a farkon shekarun 1990, daga baya Opus a 2012, wanda saƙon murya na WhatsApp ke amfani da shi. Dabararsu ita ce zubar da abin da aka ƙiyasta kunne ba zai yi kewarsa ba. Wannan alheri ne babba. Da shi makiyayi ke jin farashin dabbobi kafin ya kora su kasuwa, da shi tafsirin azumi ke isa rugar da ba ta taɓa ganin wutar lantarki ba. Kuma kwafar fayil yadda yake, daga waya zuwa waya, ba ta rage masa komai. Ɓarnar tana zuwa ne duk lokacin da aka buɗe shi aka sake matsewa: an yanke shi a wata manhaja, an ɗora shi a kan hoto an mai da shi bidiyo, ko an kara wata waya a bakin lasifika an sake ɗauka. Kowane zagaye da abin da yake zubarwa, kuma abin da ya zube ba ya dawowa. Mai da matsattsen fayil ya koma WAV daidai yake da juye rabin tiya a babban buhu.

Na tsaya a kan wannan ne saboda abin da ke cikin akwatunanmu. Damargu tsohon rumbun Abzin ce, nan ayarin Buzaye ke sauke gishiri su ɗauki gero, nan hanyar Tarabulus zuwa Kano ta ratsa. Bajamushen nan Heinrich Barth ya bi ta nan a Janairun 1851 ya rubuta abin da ya gani, amma ba mu da muryar ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda ya tarar. Zamanin kaset ne ya fara ba talakan Damargu damar barin muryarsa. A cikin waɗannan kaset-kaset akwai waɗanda suka ga yunwar 1973 da ta 1984 da idonsu, akwai waƙoƙin daka da na biki, akwai karatun malaman da suka riga mu gidan gaskiya, da Hausa da Buzanci da Fulatanci da Barbarci. Akwai kuma karin harshenmu, yadda tsofaffi ke jan wasali da inda suke sauke murya, abin da boko ba ya rubutawa. Zaren kaset kuwa ba ya jure zafi da ƙurar da muke da su. Da yawa daga cikinsu juyi ɗaya ya rage musu, kuma ma'aunin da aka yi wannan juyi da shi, da shi jikoki za su ji kakanninsu.

Masana ajiyar sauti sun daɗe da yanke shawara a kan wannan. Ƙungiyarsu ta duniya, IASA, ta ce mafi ƙarancin abin da ya dace a juye tsohon sauti da shi shi ne ɗiba 48,000 da bit 24, ba tare da matsewa ba. In an lissafa, kaset mai minti 90 a layi biyu tana cin gigabait ɗaya da rabi da 'yan kai, wato ƙaramin katin memori ma zai ɗauki kaset da dama. A Yamai akwai cibiyar CELHTO, wadda tun 1968 aikinta shi ne tattara tarihin baka. Sai dai kaset ɗin da ke ƙasan adakar wata tsohuwa a Belbeji ba za ta kai kanta Yamai ba. Wanda zai taɓa ta shi ne yaron da ke tura waƙoƙi a bakin tasha, ko ma'aikacin rediyon karkara mai tsohuwar kwamfuta guda. Su ne ma'ajiyar tarihinmu ta zahiri, ko sun sani ko ba su sani ba.

To ga roƙona gare su, da duk mai irin wannan kaset a gida. A juye ta sau ɗaya da babbar tiya, a WAV. A tabbata ma'aunin da aka zaɓa a manhajar ɗauka shi ne wanda direban ke aiki da shi. In an gama a gwada tsawon fayil da tsawon kaset, sannan a kunna wa wanda ya san mai muryar, domin kunnen 'yar'uwa ya fi kowane allo gane ɗan'uwanta. A sa wa fayil ɗin sunan mai magana da garinsu da shekara. A ajiye shi wuri biyu, kada a yanke shi, kada a matse shi. Wanda za a tura wa dangi a Kano ko Sabha, daga jikinsa za a ciro, a matse yadda ake so.

Manomin Damargu ba ya buƙatar a koya masa wannan. Tun ranar girbi yake ware zangarniyar da ta fi kyau ya rataye ta daban, kuma ko rani ya yi tsanani ba a kai ta turmi. Na ci daban, iri daban. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon miƙa muryoyinsu yadda suka bar mana su.