Yelu: ƙamshin Indiya a bakin kwarin Foga

Matafiyin da ya bar Doso ya kama babbar hanyar kwalta mai gangarawa Gaya, wadda tsawonta ya kai kilomita 150, tun kafin ya iso Malgoru zai ga ƙasa ta sake kama. Rairayi ya ragu, itatuwa sun yi kauri, giginya ta miƙe a cikin kwari kamar dogaran sarki. Nan ne Dandi, yankin da ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar. In ya saki kwalta ya yi gabas sai ya faɗa ƙasar Yelu, tsohon mazaunin Kyangawa, inda Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci ke cuɗanya a bakin rijiya guda. Gabas da ita jihar Kebbi ce ta Najeriya, kudu kuwa Gaya ce da kogin Isa, wanda ƙetarensa ƙasar Benin ce.

Abin da aka san wannan ƙasa da shi tun zamanin kakanni gishiri ne. Da rani mata na kankare ƙasar kwarin Foga, su tace ta da ruwa, su dafa har gishiri ya kwanta, fatake kuma sun daɗe suna ɗaukarsa zuwa Kabi da Bargu. Saboda haka warin da baƙo ke fara shaƙa shi ne na hayaƙin murhu da na danshin fadama, inda rake da rogo da dankali ke yabanya.

Amma ranar kasuwa, tsakanin rumfar masu goro da ta masu atamfa, akwai wani ɗan tebur da hanci ke ganewa tun kafin ido ya gan shi. Teburin mai turare ke nan. A kansa ga madarar turare cikin ƙananan kwalabe, ga Bint El Sudan, wanda kamfanin W. J. Bush na Landan ya fito da shi a 1920, aka kuma daɗe ana ɗura shi a Kano, ba ya da barasa, shi ya sa malamai da amare suka riƙe shi. A gefe kuma ga kwalayen turaren tsinke na Indiya, masu launi kamar bakan gizo. Wani kwalin na ɗauke da hoton mutum mai kan giwa, wani da mace zaune bisa furen bado, wani kuma da mutum ya tanƙwashe ƙafa ya lumshe ido. Na farko Ganesha ne, ta biyu Lakshmi, duka abin bautar Hindu; na uku Buda ne. Mai saye dai ba ruwansa da su. Wanda hoton ya dame shi kan yage kwalin ya riƙe tsinken, ya kunna a ɗakinsa daren Juma'a.

Doguwar tafiya wannan kwali ya yi. Daga tashoshin jiragen ruwa na Indiya zuwa Kwatano, daga nan, kafin a rufe gada a 2023, manyan motoci kan bi ta Faraku zuwa Malambil, fiye da kilomita 700, su hau gadar da aka gina a 1958, su tsaya gaban ma'aikatan duwan na Gaya. Wani kayan kuma ta Kano da Kamba yake shigowa. Duk abin da ya taɓa wannan hanya sai ya taɓa teburin mai turare. Da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo. Da aka rufe gadar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kaya suka koma ƙetara kogi cikin kwale-kwale, kuɗɗin dako ya hau kan mai saye.

Hotunan nan ba ado ne kawai ba, domin a Indiya ƙamshi da ibada ba su rabuwa. Mabiya Hindu na niƙa itacen sandal su shafa a goshi da jikin abin bautarsu, kuma da itacen sandal aka ƙona gawar Gandhi a 1948. A cikin hikayoyinsu akwai mawaƙan sama da ake kira Gandarba, waɗanda littattafan mabiya Buda suka ce ƙamshi ne abincinsu. Ɗakin da Buda ya zauna a lambun Jetabana ma sunansa Gandakuti, wato ɗakin ƙamshi. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba: ya san turare sunna ce a wurin Musulmi, ya kuma san ƴan bori ba su kiran iskoki sai da turaren da kowane ke so.

Masu haɗa turare na Faris sun gane cewa waɗannan hikayoyi haja ce. A 1989 gidan Guerlain ya fito da Samsara, wanda aka gina bisa sandal da furen yasmin. Sunan kuwa kalma ce ta tsohon harshen Indiya mai nufin zagayen haihuwa da mutuwa da sake haihuwa, abin da Hindu da mabiya Buda duka suka yi imani da shi. Bayan manyan gidaje sai ƙanana suka biyo, masu yin kwalabe kaɗan domin masu saye kaɗan. Cikinsu akwai gidan Neela Vermeire, ƴar asalin Indiya mai zama Faris, wadda ta yi aiki da gwanin haɗa ƙamshi Bertrand Duchaufour. A farkon shekarun 2010 suka fitar da Trayee, wanda sunansa ke nuni ga tsofaffin littattafan Hindu uku, sannan a 2013 suka fitar da Ashoka, da sunan sarkin da ya bar yaƙi ya rungumi tafarkin Buda. Ƙaramar kwalbar turaren wannan aji kan wuce Yuro 150, wato wajen jika 100 na sefa. Abin da ke ciki itace ne da saiwa da ƙaro da fure. Sauran kuɗɗin na gwanintar mai haɗawa ne, da suna, da labari.

To, a nan ne zancen ya komo gida. Ɗaya daga cikin kayan da waɗannan gidaje ke ji da su wata saiwar ciyawa ce da Indiyawa ke kira kus, wadda ƙasar Haiti ta fi kowa sayar da manta a duniya. Ƴar'uwarta ce jema, mai fitowa a fadamu da bakin kogin Isa, wadda mata ke jefa saiwarta cikin randa domin ruwa ya yi ƙamshi. Ga kajiji, ga ƙaron hano da na dashi a dazuzzukan ƙasar Hausa, ga tsofaffin mata da suka san yadda ake jiƙa itace da madarar turare da sukari a yi wa amarya turaren wuta. A garin Kannauj na Indiya har ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko ake tatsa daga gasasshen yumɓu a zuba cikin man sandal a sayar. Wanda ya taɓa tsayawa a kwarin Foga ranar ruwan shuka ya san ba a fi Yelu wannan ƙamshi ba. Labari kuwa, ƙasar Kyangawa da fataken gishiri ba ta rasa shi ba. Abin da ya rage shi ne tukunyar tatsa, da kwalba mai tsabta, da suna a jikinta.

Sai dai akwai darasi a cikin labarin Indiya. Sandal ɗin Maisur, wanda Sarki Tipu ya mai da itacen sarauta a 1792, sara da fasa-ƙwauri sun rage shi ƙwarai, har aka koma shuka shi a Ostireliya. Itacen udu ma tun 1995 aka sa wa cinikinsa takunkumi tsakanin ƙasashe. Saiwar da ake tona ba a mayarwa, ƙarewa take yi. Mutanen Dandi sun san haka, domin a shekarun 1990, da tallafin ƙasar Suwis, an danƙa wa ƙauyuka kula da giginyarsu bayan gatari ya yi mata ɓarna. Irin wannan tsari ne jema da kajiji za su buƙata tun kafin kasuwa ta buɗe musu.

Ɗan kasuwan da ke da jari, da ma'aikacin gona ko na gandun daji da aka turo Gaya, ya kamata su tsaya gaban wannan ɗan tebur su duba da kyau. Kwalabe da kwalayen da ke kansa duka baƙi ne, alhali kwarin da ke bayan kasuwa cike yake da abin da ake ɗura wa irinsu. Da yamma mai turare zai naɗe kayansa ya ɗaura bayan babur, kasuwa ta watse, hayaƙin masu dafa gishiri ya sake rufe kwarin Foga. Allah shi ba mai nema sa'a.