Magana da Raɗaɗi: Abin da Hoton Ƙwaƙwalwa Ya Nuna

Idan aka je dubiya, kalmar farko da ke fitowa daga bakin Bahaushe ita ce "sannu". Mu Yarabawa mukan ce "pele", Ibo kuma su ce "ndo". Babu wanda ya ɗauka cewa kalma tana ɗinke rauni ko ta sauke zazzaɓi, amma kuma babu mai shiga ɗakin majinyaci ya fito bai faɗe ta ba. Tun da na fara nazarin Hausa wannan al'amari yake yi mini yawo a rai. Shin magana tana yin wani aiki a jikin mai ciwo, ko kuwa ladabi ne kawai na zaman duniya? Amsar da ta fi gamsar da ni na same ta ne a binciken da masana suka yi a kan hifnosis, inda suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum a daidai lokacin da yake jin zafi kuma ana yi masa magana. Shi ne na ga ya dace in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai, domin kayan aikin da aka gwada a wannan bincike namu ne, wato kalmomi.

Da farko dai, mene ne hifnosis? A nan ƙasar, da an ambaci kalmar sai hankalin mutane ya tafi ga labarin 'yan damfara da ake cewa suna taɓa mutum ya miƙa musu kuɗinsa, ko ga masu rufa-ido na dandali. Wanda likitoci suke nufi daban yake. Hali ne da mutum yake tattara hankalinsa wuri guda, ya rage kula da abin da ke kewaye da shi, har ya zama yana karɓar shawarar da mai yi masa magana ya ba shi cikin sauƙi. Ba a ba shi abin sha, ba a yi masa turare, kuma yana ji yana amsawa. Kalmar ta samo asali ne daga kalmar Girkanci mai nufin barci, kuma wani likita a Manchesta ta ƙasar Ingila mai suna James Braid shi ya yaɗa ta a littafinsa na shekarar 1843. Sai dai sunan bai dace da abin ba sosai, don kuwa wanda ake yi wa hifnosis idonsa biyu.

Amfani da wannan dabara don rage zafi ya daɗe. Daga shekarar 1845 wani likita ɗan Sikotilan, James Esdaile, ya riƙa yi wa mutane tiyata a yankin Bengal na ƙasar Indiya bayan ya sa su cikin irin wannan hali. Ba a jima ba sai aka fara amfani da magungunan sa barci, ita a 1846 da kulorofom a 1847, aka jingine dabarar gefe guda. Ban da wannan, akwai wata tuhuma da ta daɗe tana bin ta, wadda duk wanda ya san al'adar Hausawa zai gane ta nan take. Ka tambayi majinyaci Bahaushe, "Yaya jiki?" Ko da yana murƙususu zai ce maka, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Kara ce da haƙuri. To, masu shakka suka ce haka abin yake a hifnosis: mutumin yana jin zafinsa yadda yake, kara kawai yake yi wa likita ya ce ya ragu. Tun da ciwo abu ne da mai shi kaɗai yake ji, wa zai raba wannan gardama?

Na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa su suka buɗe hanya. Guda biyu aka fi amfani da su, PET da fMRI. Ko da yake aikinsu ya bambanta, tushen guda ne: duk sashen ƙwaƙwalwar da ya duƙufa da aiki yakan jawo ƙarin jini, na'urar kuma takan nuna inda jinin ya ƙaru. Baki yana iya yin kara, amma mutum ba shi da ikon tura jini wani lungu na ƙwaƙwalwarsa don ya faranta wa likita rai.

Binciken da ya fi jan hankalina shi ne wanda Pierre Rainville da Catherine Bushnell da abokan aikinsu suka yi a birnin Montiriyal na ƙasar Kanada, aka buga shi a mujallar Science a 1997. Sun sa mutane cikin hifnosis, suka tsoma musu hannu a ruwan zafi mai digiri 47 a ma'aunin Selshiyas, suna ɗaukar hoto da PET. Zafin ruwan bai canza ba ko sau ɗaya. Abin da ya canza shi ne maganar da ake gaya musu. Wani lokaci a ce musu zafin zai dame su ƙwarai, wani lokaci kuma a ce za su ji shi amma ba zai dame su ba. Da aka duba hotunan sai aka ga abin mamaki. Sashen da ke karɓar saƙo daga fata, wanda yake tantance inda zafi yake da kuma ƙarfinsa, bai nuna wani bambanci ba. Amma wani sashe da ke can ciki ta wajen gaba, wanda masana suke kira singulet na gaba, aikinsa ya riƙa hawa da sauka daidai da yadda mutanen suka ce zafin ya dame su.

Don sauƙin fahimta, ni nakan kira sashe na farko "magatakarda", na biyun kuma "mai ƙorafi". Magatakarda yana rubuta cewa hannun hagu yana cikin ruwan zafi kaza. Mai ƙorafi shi ne yake cewa, "Wannan abu ya ishe ni, a fitar da hannun nan!" A gwajin 1997 maganar ta je ga mai ƙorafi ne, ta bar magatakarda yana aikinsa. A shekarar 2001 sai wannan ƙungiya ta sake gwajin, a wani rahoto da Robert Hofbauer ya jagoranci rubutawa. A wannan karon suka sauya lafazi, suka riƙa gaya wa mutanen cewa ƙarfin zafin kansa ne zai ƙaru ko ya ragu. Sai ga shi magatakarda ne ya motsa. Ruwa ɗaya, na'ura iri ɗaya, amma da jimla ta canza sai wurin da ya amsa a ƙwaƙwalwa ya canza. Ga ɗalibin harshe, wannan ba ƙaramin labari ba ne. A aji muna koyon cewa sauya kalma ɗaya yana sauya ma'anar jimla. Ga shi an nuna cewa bambancin yana kaiwa har ga inda jini yake kwarara a cikin kai.

A birnin Liyej na ƙasar Beljiyam kuwa, abin ya wuce ɗakin gwaji ya shiga ɗakin tiyata. Tun daga 1992 wata likitar kashe zafi mai suna Marie-Elisabeth Faymonville ta fara haɗa hifnosis da allurar kashe zafi ta wuri guda da ɗan maganin kwantar da hankali, maimakon a sa majinyaci barci gaba ɗaya. An yi wa dubban mutane aiki ta wannan hanya, har da aikin maƙoƙo. Dabararta ita ce ta sa mutum ya koma da tunaninsa ga wani lokaci mai daɗi a rayuwarsa, tana yi masa magana a hankali har a gama. A binciken da ta buga a 2000, hifnosis ya rage zafin da mutane suka ce suna ji da kusan rabi, kuma hoton PET ya sake nuna yankin singulet ɗin nan.

Akwai kuma gwajin da ya bi ta ɗaya ɓangaren. A 2004 Stuart Derbyshire da abokan aikinsa suka sa wasu mutane cikin hifnosis a na'urar fMRI, suka gaya musu cewa ƙarfen da ke tafin hannunsu zai yi zafi, alhali ba a kunna shi ba. Mutanen suka ce sun ji zafi, hoton kuma ya nuna cewa da yawa daga sassan da kan tashi lokacin zafi na zahiri sun tashi. Da aka ce musu su ƙiyasta zafin a zuci kawai, ba tare da waccan shawara ba, sassan ba su tashi haka ba. Darasin da na ɗauka a nan yana da nauyi. Mutum yana iya jin ciwo na gaskiya ba tare da an ga rauni a jikinsa ba, don haka bai kamata a yi saurin ce wa mai kuka da ciwo yana raki ko yana ƙarya ba.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka an samo maganin kowace cuta. Mutane sun bambanta wajen karɓar hifnosis. Kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne suke karɓarsa sosai, wasu kusan ba ya kama su, mafi yawa kuma suna tsaka-tsaki. A binciken da David Spiegel ya jagoranta a Jami'ar Stanford ta Amurka, wanda ya fito a 2016, sai da aka tantance mutum 545 kafin aka zaɓi 57 da aka sa a na'ura, 36 masu karɓa sosai da 21 marasa karɓa. Sauye-sauyen da aka gani a ƙwaƙwalwa, a cikin masu karɓar ne aka gan su. Haka nan galibin waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne da mutane kaɗan, masu lafiya, waɗanda suka san cewa suna iya janye hannunsu duk lokacin da suka ga dama. Halinsu ya bambanta da na mai ciwon sikila da rikicin ciwo ya tasar wa cikin dare. Wannan yana buƙatar magani da ruwa da kulawar likita, kuma zalunci ne a ce masa ya daure don ciwo a kai yake. Bayan haka, Hausawa sun ce jiki magayi. Zafi ɗan aike ne, kuma rage kukan ɗan aike ba ya kawar da abin da ya aiko shi.

To, ina ruwan ɗalibin Hausa da duk wannan? Ruwansa babba ne. Tun a 1975 wani masani a Jami'ar McGill, Ronald Melzack, ya fito da takardar auna ciwo da aka gina ta a kan kalmomi 78, aka kasa su rukuni-rukuni, wasu suna bayyana yanayin ciwon a jiki, wasu kuma yadda yake taɓa zuciya. Rabon nan da na'ura ta nuna tsakanin magatakarda da mai ƙorafi, harshe ya riga ya yi shi. Hausa ma tana da arzikinta a nan. Ƙuna tana raɗaɗi, ƙurji yana zogi, kai yana sara, ciki yana murɗa, haƙarƙari yana suka, jiki yana tsami. Waɗannan duk bayanin magatakarda ne. Idan kuwa mutum ya ce ciwo ya dame shi, ya hana shi sakat, ya gallabe shi, ko ya ce yana cikin azaba, to mai ƙorafi ne yake magana. Mu da muka koyi Hausa da girmanmu mun san wahalar rarrabe waɗannan kalmomi, domin ƙamus yakan tara da yawa daga cikinsu a ƙarƙashin kalmar Ingilishi guda.

Na taɓa yi wa wani dattijo mai sayar da albasa tafinta a wani asibiti a nan Kudu. Da likita ya tambayi yadda ƙafarsa take, sai ya ce, "Yaro, gaya masa zogin yana nan, amma tun da ya ce ba za a yanke ta ba, bai dame ni ba." Na fassara sassan biyu kamar yadda ya faɗa, likitan kuma ya rubuta duka. A jimla ɗaya baba ya bambanta abin da masanan Montiriyal suka bambanta da na'ura, ya kuma faɗi abin da ya kawo sauƙin, wato maganar likita. Da tafinta zai dunƙule wannan ya ce "yana jin zafi" ko "ya samu sauƙi", da an yi asarar rabin labarin.

Haka kuma zaɓin kalma wajen yi wa majinyaci bayani yana da tasiri ko ba a cikin hifnosis ba. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2010, an yi wa mata masu shirin haihuwa allurar kashe zafi a baya. Waɗanda aka gargaɗa cewa za su ji kamar harbin ƙudan zuma sun ba da rahoton zafi fiye da waɗanda aka gaya wa cewa allurar za ta kashe wurin don su samu natsuwa. Allura ɗaya ce, kuma ba a yi wa kowa ƙarya ba. Da yawa daga cikinmu za mu ƙare a fassarar sanarwar lafiya, ko shirin rediyo, ko tafinta tsakanin likita da majinyaci. A irin wannan wuri, tsakanin "za ka sha wuya" da "za ka ji ɗan tsini, sannan wurin ya mutu" akwai tazara da majinyaci zai ji a jikinsa.

Shawarata ga 'yan'uwana, musamman masu neman batun kundin kammala digiri, ita ce mu shiga unguwannin Sabo da kasuwannin da ke kusa da mu, mu tattaro kalmomin ciwo daga bakin masu harshen, maza da mata, tsofaffi da matasa. Mu tambayi wanne ya fi wanne tsanani, wanne ake faɗa wa ƙashi, wanne ake faɗa wa fata, wanne kuma yake nuna damuwar zuciya. Mu kwatanta su da na harsunanmu na gida. Aiki ne da ba ya buƙatar na'ura mai tsada, littafi da biro da kunnen sauraro sun isa, kuma likitoci da masu jinya za su amfana da shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, mu kuma ya ba mu ilimi mai amfani.